Faɗuwar jirgi marar matuƙi a hannun sabon shiga: abin da ke jawo ta da abin da garanti zai biya

A 'yan shekarun nan da wuya a yi babban biki a Zariya ba a ji ƙugin ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, wanda matasa suke kira duron, yana shawagi a kan taro ba. Masu ɗaukar hoto na Sabon Gari da Samaru sun mayar da shi cikin kayan aikinsu, masu awon filaye suna amfani da shi, haka ma wasu manoman da suke son ganin yadda ruwa ya kwanta a gonakinsu na gefen kogin Galma. Sai dai duk wanda ya zauna da masu wannan sana'a ya san cewa kusan kowannensu yana da labarin ranar da jirginsa ya faɗi, kuma galibi abin yakan faru ne a makonnin farko, tun mutum bai mayar da ko kwatar kuɗin da ya kashe ba. Tambayar da take biyo baya kullum ɗaya ce: "Ai akwai garanti, ko?" Amsar da ta fi yawa ita ce garanti yana nan, amma bai shafi irin wannan ɓarnar ba. Saboda haka zan fara da bayanin garantin kansa, domin wanda ya fahimci iyakarsa zai fi ɗaukar sauran matakan da muhimmanci.

Abin da garanti ya ƙunsa

Zan riƙa kafa misali da kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, saboda jiragensa ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, kuma sharuɗɗan sauran kamfanoni ba su yi nisa da nasa ba. Garantin da yake zuwa tare da sabon jirgi alkawari ne a kan lahanin ƙira, wato matsalar da ta taso daga masana'anta. Idan kyamara ta daina aiki ba tare da ta bugu ba, ko injin farfela ɗaya ya tsaya a sama alhali matuƙi, wato mai sarrafa shi da rimot daga ƙasa, bai yi kuskure ba, ko kwamfutar cikin jirgin ta rikice da kanta, to kamfani ne zai gyara ko ya musanya. Wa'adin manyan sassa yawanci wata 12 ne. Batir yana da ƙarin sharaɗi, domin ana duba yawan cajin da aka yi masa, kuma a jirage da dama garantinsa yakan ƙare idan ya kai caji 200. Farfela kuwa ba ta da garanti ko kaɗan, tunda ana lissafa ta cikin kayan da suke cinyewa da amfani.

Jerin abubuwan da aka cire daga garanti ya fi wancan tsawo, kuma kamar an rubuta shi ne da yanayinmu a zuciya. Ba a biyan ɓarnar da ta faru saboda kuskuren matuƙi. Ba a biyan wadda ta faru saboda tashi cikin iska mai ƙarfi, ko ruwan sama, ko guguwar ƙura. Ba a biyan wadda ta faru kusa da manyan wayoyin lantarki, tashoshin rarraba wuta ko turakun sadarwa. Haka nan idan an buɗe jirgin a wurin wanda kamfani bai amince da shi ba, ko an sa masa batir ko farfela da ba na asali ba, ko an ɗora masa kaya fiye da ƙima, ko an tilasta masa tashi da batir mai rauni, duk alkawari ya warware.

Wani zai ce ai kamfani ba ya wurin lokacin da abin ya faru, don haka sai a ce masa jirgin ne ya faɗo da kansa. Wannan dabara ba ta aiki. Jirgin da manhajar da ke cikin waya suna ajiye rikodin kowane tashi: tsayin da aka kai, saurin tafiya, yawan cajin da ya rage, gargaɗin da aka nuna a fuskar waya, har da yadda matuƙi ya motsa sandunan rimot daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da wannan rikodi ne ake yanke hukunci. Yakan tona asirin mai kuskure, amma kuma shi ne kaɗai shaidar mai gaskiya, don haka kada a goge shi kuma kada a cire manhajar daga waya bayan haɗari.

Akwai wani tsari daban da ake saye da kuɗi, mai suna DJI Care Refresh, kuma shi ne mutane da yawa suke rikitawa da garanti. Wannan tsari ya shafi karo da faɗawa ruwa da kuskuren matuƙi. A tsarin shekara ɗaya ana musanya jirgi har sau biyu, kuma a kowane karo mai jirgin yana biyan wani kaso. A wasu jirage ya haɗa har da ɓacewar jirgi a sama, amma da sharaɗin an riga an ɗaure jirgin da asusun mai shi da kuma rimot ɗinsa kafin ya ɓace, kuma kuɗin musanyar ya fi na karo tsada. Ana sayen tsarin ne kafin a kunna sabon jirgi ko cikin awa 48 bayan kunna shi, in kuwa lokacin ya wuce sai an tura bidiyon da zai nuna cewa jirgin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi shafar mu shi ne tsarin yana ɗaure da yankin da aka saye shi. Wanda ɗan'uwansa ya kawo masa jirgi daga Amurka ko Ingila zai iya tarar da cewa sai jirgin ya koma can kafin a duba shi, ga kuɗin aikawa, ga wahalar tura batirin litiyam ta jirgin sama, ga kwastan a hanyar dawowa.

Matakin farko yana kanti

Kariyar mai jirgi tana farawa ne tun ranar ciniki. Ka nemi rasidi mai ɗauke da kwanan wata, da sunan kanti, da lambar siriyal ta jirgin, sannan ka gwada lambar da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin gurbin batir. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye ko garantin da yake magana na kamfani ne ko na kantinsa, da inda za a kai jirgin idan ya sami matsala, da wanda zai biya kuɗin kai shi. Ka sa ya rubuta amsar a bayan rasidin. Na taɓa sayen rimot a wani kanti da aka ce mini yana da garantin wata shida, da ya lalace a wata na biyu sai aka ce ai garantin na gwaji ne a gaban mai kanti. Tun daga ranar ban ƙara yarda da alkawarin baki a kan kayan lantarki ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar kai ƙorafi a kan kaya mai lahani, amma ƙorafin da ba shi da takarda ba ya nisa.

Wanda zai sayi na hannu yana da ƙarin aiki. Ya buɗe manhaja ya duba yawan cajin da aka yi wa kowane batir, ya duba hannayen jirgin ko akwai tsagewa ko alamar gam, ya kunna shi ya ga ko mariƙin kyamara yana motsawa sumul ba tare da karkarwa ba. Ya kuma tabbatar mai shi na farko ya kwance jirgin daga asusunsa, domin jirgin da ke ɗaure da asusun wani yakan zama rigima daga baya. Wa'adin garanti ba ya sabuwa don jirgi ya sauya hannu.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da ƙaramin jirgi, irin dangin Mini masu nauyin da bai kai giram 250 ba, amma ya san abin da ya saya. Mini 2 da Mini 2 SE da Mini 3 suna da na'urorin gani ne ta ƙasa kawai, ba sa ganin bango ko bishiya a gabansu. Mini 4 Pro kuwa yana gani ta kowane gefe. Mutane da yawa sun kalli bidiyon jirgi yana kauce wa bishiya da kansa, suka ɗauka kowane duron haka yake.

Inda za a tashi

Zariya ba ta cikin garuruwan da ake tayar da duron a ko'ina. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, tana da filin jirgi, kuma ƙananan jiragen ɗalibai suna zagaya sararin garin a ƙasa-ƙasa, musamman a lokacin tashi da sauka. Ga Defot na sojojin ƙasa da makarantar yaran soja, ga barikin Basawa. Kusantar waɗannan wurare da duron ya wuce batun asarar kuɗi. Tun a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a yarda a tayar da jirgi marar matuƙi ba sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Mai niyyar yin sana'a da shi ya fara da neman wannan izini, ya kuma riƙe ƙa'idar da aka sani ta kada a wuce ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kuma kada jirgi ya fita daga ganin idon matuƙi. Jirgin da jami'an tsaro suka kwace ba ya cikin lissafin garanti ko tsarin musanya.

Don koyo, a nemi fili buɗaɗɗe a wajen gari, nesa da filin jirgi da barikoki, kamar gonar da aka riga aka girbe ko filin ƙwallo da ba kowa, bayan an nemi izinin mai wurin. Tsakar gida a cikin Birni ita ce mafi munin wurin gwaji, ko da yake a nan ne yawancin mutane suke fara kunna sabon jirgi saboda ɗoki. Katanga ta kewaye wurin ta tare siginar tauraron ɗan'adam, kwanon rufi da rodi suna rikita kamfas, wato na'urar da ke nuna wa jirgi alƙibla, ga igiyar shanya da wayoyin wuta da aka ja daga gida zuwa gida, ga yara da za su taru. Farfela tana juyawa da saurin da zai yanka yatsa ko ya ɓata ido.

Minti biyar kafin tashi

A nan ne zan fi daɗewa, domin a ganina mafi yawan haɗurran da ake ɗora wa iska ko ƙaddara tun a ƙasa aka ƙulla su.

Ka fara da farfela. Ka shafa kowace da yatsa, idan ka ji ɓantarewa ko ka ga lanƙwasa, ka sauya ta nan take, domin farfela ita ce mafi arha a jikin jirgin kuma ita ce take ɗauke da shi. Farfelolin iri biyu ne, masu juyawa dama da masu juyawa hagu, kuma akwai alama a jikinsu da a jikin hannun jirgi da ke nuna inda kowace za ta zauna. Idan aka sauya musu wuri, jirgin zai kife da zarar ya yunƙura. Daga nan ka cire murfin da ke riƙe kyamara kafin ka kunna, saboda kunna jirgi da murfin a jiki yana wahalar da ƙananan injinan mariƙin. Ka tura batir har sai ka ji ya kama. Batirin da bai zauna daidai ba yakan zame a sama, kuma jirgi mai farfela huɗu ba ya iya lilo ya sauka kamar jirgi mai fukafuki: wuta na ɗaukewa zai faɗo kamar dutse.

Sai wurin ajiye jirgin. Kada ka tashi daga kan bonet ɗin mota, ko rufin kankare mai rodi, ko kusa da ƙofar ƙarfe ko janareta. Kamfas ɗin jirgin yana karanta maganaɗisun ƙasa, ƙarfe kuwa yana karkatar da shi. Idan kamfas ya ce gabas yamma ce, jirgin zai riƙa ƙoƙarin gyara matsayinsa ta ɓangaren da ba daidai ba, sai ka ga ya fara kewaye yana faɗaɗa da'ira har ya bugi wani abu. Idan manhaja ta nuna gargaɗin kamfas, ka fara matsawa zuwa wani wuri kafin ka yi tunanin sake saita shi, domin saita kamfas a gefen ƙarfe ƙara dagula lamarin yake yi. A lokacin rani ka shimfiɗa tabarma ko faifan sauka, saboda iskar farfela tana tayar da yashi ya shige cikin injina da mariƙin kyamara.

Bayan kunnawa, ka yi haƙuri har GPS, wato siginar taurarin ɗan'adam da ke nuna wa jirgi inda yake, ya kama. Yawancin matuƙa ba sa tashi sai sun ga taurari sun haura goma, kuma manhaja ta sanar cewa ta rubuta wurin tashi a matsayin gida. Ka duba taswira ka tabbatar alamar gidan tana inda kake tsaye. Wanda ya yi gaggawa ya tashi kafin wannan, jirginsa zai rubuta gida a wani wurin da ya kama sigina daga baya, kuma can zai nufa idan ya rasa rimot. Haka nan jirgin da ba shi da GPS ba ya tsayawa cik idan an saki sanduna, iska ce take tafiya da shi, abin da sabon matuƙi bai saba da shi ba.

Abu na gaba shi ne tsayin komawa gida, kuma shi ne saitin da aka fi mantawa. Idan sigina ya yanke tsakanin rimot da jirgi, ko batir ya yi ƙasa, jirgin yakan hau zuwa tsayin da aka sa masa sannan ya nufo gida. Idan wannan tsayi bai kai na abin da ke kan hanya ba, to zai je ya rungume shi. Zariya garin rimi ce, kuma tsohon rimi yana iya haura mita 30, ga turakun sadarwa da hasumiyoyin masallatai. Ka dubi abin da ya fi komai tsayi a kewayen, ka ƙara masa aƙalla mita 15 ko 20. Ka kuma tuna cewa jirgin yana auna tsayi ne daga inda ya tashi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa a lokacin ba. Wanda ya tsaya a gindin dutsen Kufena ya tura jirgi ya zagaya bayan dutsen ya haɗa matsaloli biyu a lokaci guda: dutsen zai tare sigina, sannan jirgin zai yi ƙoƙarin dawowa a tsayin da aka auna daga gindi alhali dutsen yana tsakaninsu.

Idan komai ya daidaita, ka ɗaga jirgin kamar mita biyu ka bar shi ya tsaya na rabin minti. Ka saurari ƙararsa, ka gwada kowace sanda a hankali. Jirgin da zai ba da matsala yakan nuna alama a nan, inda faɗuwa ba ta da tsada.

A sama

Kuskuren hannu da ya fi yawa shi ne rikicewar dama da hagu. A saitin da aka saba, sandar hagu ce take hawa da sauka da juya fuskar jirgi, ta dama kuma tana kai shi gaba da baya da gefe. Muddin jirgin ya ba ka baya, damarka ita ce damarsa. Da zarar ya juyo yana fuskantarka, komai ya juye, kuma mutumin da ya firgita zai tura shi cikin bangon da yake son kauce wa. Maganin wannan atisaye ne kawai: a yi batir goma ko fiye a fili ana zana murabba'i da da'ira, fuska a gaba da fuska a baya, kafin a karɓi aikin kowa. Idan ka rikice kuma GPS yana aiki, ka saki sandunan duka biyu, jirgin zai tsaya ya jira ka.

Na biyu shi ne kallon waya a manta da jirgin. Kyamara gaba take kallo, amma hotunan da suka fi kyau a biki ana ɗaukar su ne jirgi yana ja da baya ko yana tafiya a gefe, wato ta inda matuƙi ba ya gani. Ko jirgin da ke da na'urorin gani ta kowane gefe ba ya ganin siririyar waya ko busasshen reshe da kyau, ba ya gani sosai bayan magariba, kuma idan aka tura makunnin rimot zuwa harafin S don ƙarin gudu, kauce wa cikas yakan daina aiki gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin duk mai ɗaukar biki yana bukatar mutum na biyu da aikinsa kawai ya zuba wa jirgin ido ya riƙa faɗin abin da ke kusa da shi. Shawagi a kan cunkoson jama'a ko kusa da dawaki, kamar a ranakun hawan sallah a ƙofar fada, abu ne da sabon shiga bai kamata ya kusanta ba, domin doki yana firgita da ƙarar, kuma babu garanti ko tsarin musanya da yake biyan raunin da aka yi wa wani ko gilashin motar da aka fasa. Wannan aikin inshora ne, kuma mai sana'a zai iya tuntuɓar kamfanonin inshora ko na takaful da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta yi wa rajista ya ji ko suna da tsarin da ya dace da shi.

Iska tana da nata lissafin. Ƙananan jiragen Mini an ƙera su ne su jure iskar da ba ta wuce kimanin mita 10 a daƙiƙa ba, kuma gudun Mini 2 a saitin yau da kullum shi ma mita 10 ne a daƙiƙa, sai a saitin S yake kai 16. Ma'ana, idan iska ta kai wannan ƙarfi, jirgin zai riƙa ƙona batir yana tsaye wuri ɗaya ko ma yana ja da baya. Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, don haka lumshin da kake ji a inda kake tsaye ba hujja ba ce. Ka fita kana fuskantar iska domin ka dawo tana tura ka. Idan ta riƙe jirgin, ka rage tsayi, ka koma saitin S, in kuma ka ga ba zai iso ba, ka sauke shi a fili mafi kusa ka je ka ɗauko, tunda manhaja tana nuna wurin da ya sauka a taswira. A farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, iskar hadari takan taso kafin ruwa cikin 'yan mintuna, saboda haka da ka ga gabas ta haɗe ka sauka. A hunturu kuma hazo yana ɓatar da ƙaramin jirgi daga ido tun bai yi nisa ba.

Batir shi ne abin da zafin Zariya ya fi cutarwa. Iyakar zafin da aka rubuta wa yawancin waɗannan jirage digiri 40 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma a watannin Maris da Afrilu tsakar rana takan kusanci haka, balle a cikin motar da aka rufe. Kada a bar batir a mota, kada a sa shi caji yana da zafi daga saukowa, kuma idan za a daɗe ba a yi aiki ba a ajiye shi da caji kimanin kashi 60 cikin ɗari. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, ko da yana nuna ya cika, kuma yana iya kama wuta. Mintunan da aka rubuta a kwali, kamar 31 na Mini 2, an auna su ne babu iska, don haka kada a gina lissafi a kansu. Ni dai ina juyowa gida idan caji ya kai kashi 30, kuma ba na soke umarnin komawa gida da jirgin ya ba kansa don in ƙarasa ɗaukar hoto, domin wannan sokewar tana shiga rikodi kuma ita kaɗai ta isa ta rushe da'awar garanti.

A kan ruwa, kamar madatsar Kubanni ko kogin Galma, na'urorin ƙasa suna ruɗewa da ƙyalli da motsin ruwa, sai jirgi ya riƙa nitsawa a hankali ba tare da matuƙi ya lura ba. A tsaya aƙalla mita biyar sama da ruwan. Shirwa ma takan kawo farmaki, kuma hawa sama da sauri ya fi sauka amfani wajen tsere mata.

Bayan faɗuwa

Idan abin ya faru, ka fara duba ko an ji wa wani rauni ko an ɓata dukiyar wani, ka kuma nemi izini kafin ka shiga gidan mutane ɗauko jirgi. Ka kashe shi ka cire batir, ka ajiye batirin a kan ƙasa ko yashi nesa da abin da zai kama wuta, ka sa masa ido na ɗan lokaci, domin batirin da ya bugu yana iya tashi daga baya. Jirgin da ya faɗa ruwa kada a kunna shi don a ga ko yana aiki. Ka ɗauki hoton wurin da na jirgin ta kowane gefe, ka tattara duk ɓaraguzan, ka rubuta lokaci da yanayin iska da abin da ka gani a fuskar waya tun ba ka manta ba.

Daga nan ka buɗe rikodin tashin a manhaja ka kalle shi da idon gaskiya. Idan ka ga jirgin ya bi umarnin hannunka har ya bugi abu, ko ka yi watsi da gargaɗi, to laifin naka ne kuma neman garanti ɓata lokaci ne, sai dai tsarin musanya idan kana da shi. Idan kuwa wuta ta ɗauke alhali batir na asali ne kuma yana da caji, ko inji ya tsaya a fili babu abin da ya taɓa shi, ko jirgin ya ƙi bin umarni ba tare da wani gargaɗi ba, to kana da magana. A wannan hali kada ka bari kowa ya kwance ko da noti ɗaya. Masu gyaran waya na unguwar PZ da kasuwar Sabon Gari suna da basira, amma buɗewarsu tana kashe garanti. Ka tura rikodin zuwa asusunka ta intanet, ka haɗa shi da rasidi da lambar siriyal da hotuna, ka kai wa wanda ya sayar maka, sannan ka buɗe ƙorafi a shafin kamfanin kana neman a binciki bayanan tashin. Ka bayyana abin da ya faru yadda ya faru, domin za a gwada maganarka da rikodin.

Idan an ƙi biya, sai lissafin gyara. Farfela da hannun jirgi da kwanson jiki ba su da tsada sosai kuma gyaransu yakan yi kyau. Kyamara da mariƙinta su ne suka fi cin kuɗi, kuma idan sun haɗu da lalacewar babban allon lantarki, sau da yawa kuɗin yakan kusanci na wani jirgin, tunda ana sayar da jirgi shi kaɗai ba tare da rimot ba kuma tsohon rimot da batura za su ci gaba da aiki. Jirgin da aka gyara, ko wanda ya faɗi bai nuna rauni ba, a sa masa sabbin farfeloli, a juya kowane inji da yatsa a ji ko akwai yashi ko tauri, a sake saita kamfas da na'urar daidaito a wuri mai shimfiɗa, sannan a ƙone batir guda cur ana shawagi a ƙasa-ƙasa a fili kafin a sake kai shi wurin aiki.